Ƙafar yarona ta kumbura bayan tiyata, wai gudan jini ne, Hajiya ta ce a kira wanzami

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara wallahi kaina ya kulle. A Jos nake. Yarona ɗan shekara 7 taifot ya huda masa hanji aka yi masa tiyata, sati uku muna kwance a asibiti, har jijiyoyin hannunsa suka ɓace aka rasa inda za a sa masa ƙarin ruwa, sai aka sa masa wata doguwar roba a matsematsinsa na hagu. Allah ya taimaka aka sallame mu. Kwana shida da dawowarmu gida ƙafar hagun nan ta kumbura tun daga cinya har ƙasa, ta yi zafi tana sheƙi, baya iya taka ta. Muka koma aka yi sikanin aka ce jini ne ya daskare a jijiya. An rubuta masa allurar Clexane safe da yamma, wai daga baya za a koma ƙwayar wafarin har wata uku. Yau kwana huɗu da farawa, kumburin ya fara saɓewa. Toh Hajiya surukata ta ce sanyin Jos ne ya shige shi ko kuma wani abu ya taka, wai ina aka taɓa jin yaro da ciwon tsofaffi, a kira wanzami ya yi masa ƙaho ya zuƙe mataccen jinin sannan a riƙa gasa ƙafar da ruwan zafi. Baban su kuma kuɗi sun ƙare a tiyata, ya ce tunda ta saɓe a tsaya haka nan, kuma ya gani a waya wai da alade ake yin allurar, wafarin ɗin kuma maganin ɓera ne. Ga shi an sa ranar kaciyarsu shi da 'yan uwansa a hutun Disamba, yanzu muna farkon Nuwamba. Ya zan yi Anti?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Duk wadda ta taɓa kwana a kan kujerar roba a ɗakin yara tana gadin ledar ruwa kar ta ƙare ta san abin da kika sha, ni na yi shekaru ina aikin nas a irin wannan ɗakin, na san idon uwa in ya yi sati uku bai ga barcin kirki ba.

Bari in fara da wanda ba ya jira. Kar a yi ƙahon nan, kar a yi tsaga, kar a gasa, kuma kar kowa ya kama ƙafar ya matsa da sunan tausa ko da man zafi ne ko man shanu. Allurar kuma kar a tsallake ko ɗaya. Sauran maganar duk za mu iya yinta a tsanake, amma waɗannan yau ɗin nan nake so ki tabbatar.

Ga dalili. Jijiyoyin jini kashi biyu ne, akwai masu kai jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi, akwai masu dawo da shi. Ta yaronki mai dawowar ce ta toshe, babbar nan da ta bi ta cikin cinya can ƙarƙashin nama, ba irin korayen da kike gani a bayan hannu ba. Jini na shiga ƙafar amma hanyar komawarsa ta ƙuntata, shi ya sa ta cika ta yi tam tana sheƙi. Ƙaho kuwa fata kawai yake tsagawa, abin da yake zuƙowa jinin saman fata ne, baƙin da yake yi da gudaji a cikin ƙahon don ya fito waje ya daskare ne, nawa ma in aka zuƙa haka za ki gan shi. Ba zai taɓa kaiwa inda gudan yake ba. Abin da zai yi shi ne ya buɗe raunuka a ƙafar da jininta ba ya gudu yadda ya kamata, a jikin yaron da ake wa allurar hana jini daskarewa, kin ga ga zubar jinin da zai yi wuyar tsayawa ga ƙofa an buɗe wa ƙwayoyin cuta. Tausa kuma haɗarinta ya fi haka. Sabon gudan jini bai gama manne wa jikin jijiya ba, in aka murza shi wani yanki na iya ɓallewa ya bi jini ya wuce ta zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu, wannan shi ne abin da likitoci ke tsoro a ciwon nan, don yana kisa cikin ɗan lokaci.

Amma fa Hajiya ba ta yi ƙarya ba da ta ce ba a saba ji a yara ba. Gaskiyarta ne, ciwon ya fi yawa nesa ba kusa ba a manya, tsofaffi da masu jego da waɗanda suka daɗe a kwance. A yara wuya gare shi, kuma in ya zo ya fi zuwa a jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya da kuma matasa masu tasowa. Sannan da ƙyar yake zuwa haka kawai, kusan kullum akwai abin da ya jawo shi, kuma wanda ya fi kowanne jawo shi a yara shi ne irin robar nan da aka sa masa a babbar jijiya. Ba wai kuskure aka yi ba, in hannu ya ƙi kuma yaro na buƙatar ruwa da magani ko ya mutu, dole a nemi babbar jijiya, robar ta ceci ransa ne ta bar wannan a baya. Ana danganta wa wani likita Bajamushe na ƙarni na 19, Rudolf Virchow, bayanin abubuwa uku da ke sa jini daskarewa a cikin jijiya, har yau shi ake koyar wa ɗalibai: jijiyar ta ji rauni daga ciki, jinin ya rage gudu, ko kuma jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa. Ki duba yaronki. Roba ta goga jikin jijiya, ga na ɗaya. Sati uku yana kwance ba motsi, ga na biyu. Taifot da ruɓar ciki da tiyata da ƙarancin ruwa a jiki, ga na uku. Duka ukun suka haɗu a ƙafa ɗaya, kuma ki lura ƙafar da aka sa robar ce ta kumbura ba ɗayar ba. Da sanyi ne ai ba zai zaɓi hagu ya bar dama ba, kuma da rabin yaran Jos har Bukuru da kumburarriyar ƙafa za su riƙa zuwa makaranta duk Disamba.

Sauran yaran da muke ganin abin a jikinsu su ne masu sikila, masu ciwon ƙodar nan da ke kumbura fuska da ciki ana zubar da furotin a fitsari, masu ciwon zuciya na haihuwa, masu kansar jini, masu ciwon ƙashi mai ruwa, da jariran da gudawa da amai suka busar. Wani ma ba a ƙafa yake zuwa ba, a jijiyar ƙoda ko ta cikin kai, musamman bayan ciwon kunne mai tsanani.

In Baban su na shakkar ko gaskiya ne akwai gudan, abu ne mai sauƙin gani da ido. Sikanin ɗin da aka yi shi ake kira dofla, kuma yadda ake gane abin ba wani sihiri ba ne: mai sikanin yana ɗora na'urar a cinya ya danna, lafiyayyar jijiya sai ta lotse ta haɗe baki kamar an matse tiyo mara ruwa, wadda gudan jini ya cika kuwa sai ta ƙi lotsewa, ta tsaya a zagaye tana kallonka. Ku roƙa a nuna masa a allon, a danna ta dama a danna ta hagu ya ga bambancin da kansa. Namiji in ya gani da idonsa ya fi a yi masa bayani sau goma. Akwai wani gwajin jini D-dimer da wasu za su ce ku yi, a halin da kuke ciki kar ku kashe kuɗi a kansa sai in likitanku ne ya nema, don duk wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ko yake fama da ƙwayar cuta dama gwajin nan sama zai nuna, bai ƙara muku komai a kan sikanin ba. Abu ɗaya dai da za ki sa wa ido: in zazzaɓi ya dawo, ko ya riƙa nuna wuri ɗaya a ƙashi yana cewa nan ne ke ciwo, ku koma a duba, don ƙwayar taifot na iya sauka a ƙashi, kuma ciwon ƙashi da gudan jini sukan zo tare. In ba ku taɓa yi masa gwajin jinotayif na duba sikila ba, a yi yanzu.

Yanzu maganar tunda ta saɓe a tsaya. Nan ne na fi jin tsoro wallahi, ya fi ƙahon ma tayar min da hankali, don ƙaho kowa zai gani ya yi magana, tsayar da magani kuwa shiru ake yinsa. Sunan da muke ba maganin, wai maganin tsinka jini, shi ke ruɗa mutane. Ba ya tsinka komai kuma ba ya narkar da gudan. Aikinsa ya hana gudan ƙara girma, ya hana sabo fitowa, ya rage yiwuwar ɓallewa zuwa huhu, shi kuma jiki da kansa ya riƙa cinye gudan a hankali cikin makonni da watanni. Saɓewar da kika gani a kwana huɗu, jinin ne ya fara samun 'yan ƙananan hanyoyi yana kewayewa, kamar yadda in an rufe titi 'yan keke ke bi ta lunguna, amma babban titin yana nan a toshe. Na taɓa jinyar wata yarinya 'yar shekara goma sha, ita ma ƙafa ce bayan doguwar kwanciya, aka sallame su da magani, sati biyu ƙafa ta koma daidai har ta fara sa takalmin makaranta, iyayen suka ga ai shikenan suka ajiye sauran. Ranar da aka dawo da ita a kafaɗa aka shigo da ita, tana jan numfashi kamar wadda ta yi tsere, leɓenta ya canza kala, tana riƙe da gefen ƙirji ta kasa haɗa kalma uku. Allah ya yi da sauran kwananta ta tashi, amma abin da suka kashe a wannan zuwan ya ninka kuɗin maganin da suka yi tattali ban san sau nawa ba. An gudu gara an faɗa zago.

Wata ukun da aka ce muku shi ne abin da aka saba ba yaron da aka san dalilin gudansa kuma dalilin ya wuce. Amma ga wani abu da zai iya sauƙaƙa wa aljihun Baban su, a 2022 an wallafa wani babban bincike a kan yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 21 da ya nuna wasu daga cikin irin waɗannan sati shida ya ishe su, in an sake sikanin a sati na shida aka ga jini ya fara wucewa ta jijiyar kuma gwajin jini bai nuna wata matsala ba. Ba ke za ki yanke ba, ba ni ba, amma ba laifi ki tambayi likita ko yaronki na cikin waɗanda za a iya duba musu hakan. Kuma ki faɗa masa gaskiya cewa kuɗi sun ƙare, kar ki ji kunya, likita in bai san aljihunku ba zai rubuta abin da littafi ya ce ne ku kuma ku je ku kasa saye ku yi shiru. Clexane ce mai tsadar, wafarin arha ce sai dai tana son gwaji akai-akai, in ya sani zai iya gaggauta mayar da shi kan ƙwaya. Akwai kuma sababbin magungunan sha irin su Xarelto da a 2021 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka amince a ba yara, ba sa buƙatar yawan gwaji amma sun fi tsada, kuma su ma sai an yi aƙalla kwana biyar ana allura kafin a koma kansu. Manyan asibitoci irin JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, suna da likitocin jini da ofishin masu taimaka wa marasa ƙarfi, in kuna da rajistar inshorar lafiya ta jiha PLASCHEMA ko ta tarayya ku tambaya abin da za ta ɗauke muku.

Allurar ita kanta. Da nauyin yaro ake auna ta, sirinjin Clexane kuma da yawansu an cika su ne da awon manya, don haka yaro wani kaso kawai ake ba shi. Kar ki yarda ki bar asibiti ko kemis sai nas ta nuna miki daidai layin da za ki tsaya a kai, ki yi a gabanta ta gani. Awa 12 tsakani, ki zaɓi lokacin da ba za ki manta ba, misali 7 na safe lokacin karin kumallo da 7 na yamma tsakanin magariba da isha. Ƙarƙashin fata ake yi ba cikin tsoka ba. Tunda cikinsa akwai ɗinki ki bar cikin, ki yi a gefen cinyar mai lafiya sai in nas ta nuna miki wani wuri: ki tattaro fata da yatsa biyu, ki soka a miƙe, ki tura a hankali, ki ƙirga goma kafin ki zare, sannan ki ɗora auduga ki riƙe kawai kar ki murza, murzawar ce ke sa wurin ya yi baƙi. Yau nan gobe ɗan gaba kaɗan, kar ki nace wa wuri ɗaya. Ba sai an sa ta a firij ba, wuri mai sanyi da rana ba ta kaiwa ya isa, wannan kam Jos ta yi muku gata. In aka ce ku zo gwajin jini cikin sati na farko zuwa na biyu ku je, suna duba wasu ƙwayoyin jini ne da maganin kan rage wa wasu mutane. Ki ari tef ɗin tela ma, ki sa alama da biro a wuri ɗaya a cinya da ɗaya a sha-raɓa, kullum da safe ki auna ki rubuta a bayan katin asibiti. Ido yana yaudara, lamba ba ta yi.

Maganar alade, ba zan ɓoye miki ba, Baban su bai ga ƙarya ba. Hefarin, wato allurar hana jini daskarewa, da danginta irin Clexane daga hanjin alade ake tatso asalin sinadarin, a tace a sarrafa shi a masana'anta har ya zama ruwan da kike gani. Ni ba malama ba ce, amma abin da na sani malamai da yawa sun halatta irin wannan a matsayin larura in rai ko gaɓa na cikin haɗari kuma babu madadin da ke hannu, ayar da ta haramta naman alade a Suratul Baƙara ita ce ta ɗauke laifi daga wanda larura ta tilasta. Ya je ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ya faɗa masa abin yadda yake, cewa magani ne na ceton rai na 'yan kwanaki. Akwai wata allura Arixtra da ba daga dabba ake yinta ba sai dai samunta a nan da wuya, wafarin da Xarelto ma sinadarinsu ba na dabba ba ne. Amma ana tambayar ana ci gaba da allura, ba a tsaya jiran fatawa jini na daskarewa ba.

Maganin ɓeran ma gaskiya ne, har dariya na yi da na karanta don babu wanda aka rubuta wa wafarin da wani a gidansu bai kawo wannan zancen ba. A Amurka aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, a 1954 aka amince da shi ga mutane, a 1955 har shugaban ƙasarsu Eisenhower an ba shi bayan ya samu bugun zuciya. Shekara saba'in kenan ana shansa. Bambancin magani da guba a nan awo ne, shi ya sa ake gwajin jinin da ake kira INR mai auna saurin daskarewarsa, ana so lambar ta zauna tsakanin 2 da 3, in ta yi ƙasa gudan na iya ƙaruwa in ta yi sama jini na iya ɓallewa. Da farko za a riƙa kiranku gwaji kusa-kusa, in ta daidaita a rage. Kuma wafarin ba ya kama aiki ranar da aka fara, yana ɗaukar kwanaki, don haka za a haɗa shi da allurar aƙalla kwana biyar har lambar ta kai, kar ki ce an fara ƙwaya ki ajiye sirinji. Lokaci ɗaya kullum, in an manta na jiya ba a haɗa biyu yau. Ki ɓoye shi inda ƙannensa ba za su kai ba.

Abinci kuma ku mutanen Jos ne abin ya fi shafa, garin kabeji da latas da alayyahu, kowa ya dawo daga kasuwar Farin Gada da ganye cike da leda. Koren ganye na da sinadarin bitamin K wanda ke rage ƙarfin wafarin. Ba a ce ya daina ci ba, yaron da ya tashi daga taifot yana buƙatar abinci mai kyau. Abin da ake so ya riƙa ci daidai yadda ya saba, ba yau a cika masa kwano da kwaɗon zogale da gwaten acca mai ganye don a ƙara masa jini ba, sati mai zuwa kuma ko ganye ɗaya babu, wannan hawa da saukar ce ke rikita lambar. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da haɗin tafarnuwa da citta da ake ɗirka wa mai jinya, a dakata da su, in akwai wanda Hajiya ta nace a kai a kai wa likita ya gani.

Wanda ya fi ganye haɗari shi ne kemis ɗin unguwa. Yaron da ya yi taifot, da ya ce cikinsa na ciwo sai a ruga a sayo Flagyl ko cipro ko Septrin, kuma duka ukun nan suna ƙara wa wafarin ƙarfi har jini ya ɓalle. Ibuprofen da diclofenac da asfirin da duk wani haɗin maganin ciwon jiki da ba ki san me ke ciki ba, babu su, in zafi ne farasitamol. Allurar ɗuwawu ta maleriya ma babu, jini na iya taruwa a cikin tsokar. Ki rubuta a takarda sunan maganin da yake sha da lambar wayarki ki sa a jakar makarantarsa, duk wanda zai duba shi ko cire haƙori ne ki fara faɗin wannan kafin gaisuwa ta ƙare.

Abubuwan da in kin gani ba a jiran gari ya waye ba a jiran Baban su ya dawo daga kasuwa: numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji, tari da jini, jiri ko suma, ƙafar ta ƙara kumbura ko ta yi sanyi ta canza kala. Ta ɓangaren zubar jini kuma, haɓon da aka matse hanci minti goma bai tsaya ba, fitsari ja, kashi baƙi kamar kwalta, aman jini, ciwon kai mai tsanani ko yawan barci ko fargaba, sannan duk faɗuwar da ya buga kai ko da ya tashi yana dariya. 'Yan tabon baƙi a wurin allura da ɗan jini a buroshi ba abin tashin hankali ba ne, ki ambata ranar asibiti kawai.

Kar ki kwantar da shi kamar gawa, kwanciyar ce ma ta kawo mu nan. In zafin ya ragu ya riƙa takawa a tsakar gida, in ya zauna a ɗora ƙafar a kan filo ta ɗan fi ƙugunsa tsawo, ya sha ruwa sosai don da hunturu yara ba sa jin ƙishi. Ƙwallo da keke da kokawa da hawan duwatsun bayan gida sai an gama magani. In ya koma makaranta ki je da kanki ki gaya wa malamin boko da na Islamiyya ba bulala ba dundu ba tsallen kwaɗo. Bayan an warke wasu yaran ƙafar takan riƙa ɗan kumbura ko nauyi in sun daɗe a tsaye, don haka ko an tsayar da magani a ci gaba da zuwa ana dubawa, kuma duk ranar da za a sake kwantar da shi a asibiti ko da ya girma a faɗa musu ya taɓa yin gudan jini. Sauran yaranki ba sai an bi su da gwaji ba tunda dalilin nasa a fili yake, sai dai in a danginki ko na Baban su akwai waɗanda suka yi irin wannan da ƙuruciya, ko mata masu yawan ɓari, toh ki faɗa wa likita.

Hajiya kuma, ki bi a hankali. Ba ƙiyayya ba ce, jikanta ne, kuma ƙaho abu ne da ta gani ya yi wa mutane amfani, ga shi da asali a sunna, in kika ce mata camfi ne kin rasa ta kin kuma jawo wa kanki sunan mara kunya. Ba bakinki ya kamata maganar ta fito ba, bakin ɗanta ne, shi ya sa na ce a fara nuna masa sikanin. Ranar komawa asibiti ku tafi da ita, ki samu babbar nas ko likita mai furfura a gefe ki roƙa su yi mata bayani da Hausa, tsofaffi na jin maganar sa'anninsu. Abin da za a ce mata gajere ne, Hajiya maganin da yake sha in aka tsaga shi jinin ba zai tsaya ba. Wanzamin kirki ma in ya ji haka da kansa zai mayar da askarsa cikin zabira. Sannan ki ba ta aiki a jinyar kar ta ji an ware ta, ita ce mai tofi da addu'a, ita ce mai gyara filon ƙafa, ita ce mai riƙe shi tana lallashi in za ki yi allura. Amma in za ki fita kar ki bar shi inda kika san za a iya kiran wanzami a bayan idonki, na ga an yi.

Kaciya a ɗaga, wannan babu ja. Lissafi ma ya nuna, wata uku daga farkon Nuwamba sai Fabrairu, hutun Disamba yana tsakiyar shan magani, kuma yaron da a lokacin bai cika wata uku da buɗe masa ciki ba dama bai kamata a ƙara masa wani rauni ba. Kar kuma wani ya kawo dabarar a tsayar da magani kwana uku a yi a ci gaba. In likita ya ce an gama, ku tambaye shi kwana nawa za a jira, a yi a asibiti a kuma faɗa wa mai yin tarihinsa, ko a bari sai hunturun baɗi, shekara 8 ba ta yi latti ba. Zai yi kuka ranar da ya ga ana shiga da 'yan uwansa ana ba su kuɗi shi an bar shi, ki gaya wa Baban su tun yanzu in za a gasa wa masu kaciya kaji a sa da tasa a lissafi.